Amsar Evantiya, Mai Masaukin Bakin Teku

Saƙonki ya iso da hantsi, Marijke,
ina kan soro ina shanya zannuwan gado.
Jikana Lefteris ya karanta mini,
yana dariya, yana lasar zuma a yatsa.
Tambaya goma sha ɗaya!
Ko likitan da ya duba gwiwata bai titsiye ni haka ba.

Kin ce taku nawa ne zuwa ruwa?
Da ƙafarki, ɗari biyu.
Da tawa, sai an haɗa da hutu biyu
a gindin zaitun da ya girmi kakata.
Yashin gabas fari ne, mai laushi kamar garin alkama,
amma kafin azahar ba masaka tsinke.
Na yamma tsakuwa ne, sai da takalmi,
can nake zuwa.

Kin ce wane gidan rawa ne ke tashe bana?
'Yata, ban taɓa leƙa ko ɗaya ba,
su ne ke shigo mini ta tagar kicin.
Kiɗansu na kaɗa kofunan da ke kan kanta
har ƙararrawar coci ta karɓe su da asuba.
Mai shuɗiyar fitilar nan da kowa ke ɗauka a hoto
rumfar mijina ce a da.
Nan Stamatis ke zama yana ɗinke taru,
zare a haƙori, taba a bayan kunne.
An ce yanzu lemon kwalba ɗaya a wurin
ya kai kuɗin kifin da yake kamawa a wuni.
Ku je. Ku yi rawa. Daɓen mai kyau ne,
shi ya zuba shi da hannunsa.

Jadawalin jirgin ruwa da kika haddace,
ninke shi ki yi fifita.
A watan Agusta iskar arewa ce ke sa hannu,
in ta ce ba tafiya, kyaftin ma kati yake bugawa.
Ki bar kwana ɗaya a aljihu.

Ɗaya daga cikinku ba ta cin kifi.
A tsibiri!
To, akwai tumatir, akwai cukwin akuya,
ɓauren maƙwabci kuma ya tsallako katanga,
abin da ya tsallako nawa ne.

Inda kuka ga an kewaye yashi da sanduna,
kada ku kafa lema.
Kunkurun teku ta binne ƙwai a nan.
Ta riga ku kama wuri,
ba ta kuma aiko da tambaya ko ɗaya ba.

Sai ga saƙo na biyu, tsakar dare,
layi ɗaya tal:
mu uku ne yanzu, a cire gado guda.
Lefteris ya karanta bai yi dariya ba.

Ba zan tambaya ba.
Wanda ya fasa tafiya da wanda tafiya ta fasa,
duk gurbi ɗaya suke bari a tebur.
Shekara tara ke nan
hannuna na sauko da kofi biyu da safe
kafin hankalina ya mayar da ɗaya.

Gadon dai yana nan, ya fi ƙarfin bayana.
Ki ɗora akwati a kai,
ko jiƙaƙƙen tawul, ko ba komai.
Kuɗin mutum uku zan karɓa.

In kin dawo da asuba, takalmi a hannu,
kunnuwa na ƙugi, gishiri a gashi,
makulli na ƙarƙashin tukunyar ɗoɗɗoya.
Kada ki yi sanɗa, ba barci nake ba.
In kin ga haske a kicin, ki shigo.
Ba sai kin ce komai ba.